Ƙafar mota ma tana yin gwame

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku dubi takalmin mutum mai gwame. Gefen ciki ne yake fara cinyewa, gefen waje yana nan sabo. Mai ƙafar baka kuwa gefen waje yake ci. Duk makiyayi ya san haka ga kofaton jaki ko na sa: in tsayuwar ƙafa ta karkace, kofato ba ya cinyewa daidai. To, ƙafar mota ma haka take. Ga mota abin ya fi muni, don taya tana da tsada, kuma in ta fashe ana cikin gudu, mutane ne a ciki.

Wani zai ce: ni ba ni da mota, ina ruwana? Da ruwanka. Motar kasuwa ita ke ɗaukar wakenka da albasarka. Ita ke kai mai naƙuda gidan likita da dare. Yanzu ƙauyuka da yawa akwai ƙaramar mota, wadda samari suka haɗa kuɗɗin cirani suka saya. Kuma amalanken da ke ƙofar gidanka, ai tayar mota ce a ƙarƙashinsa.

Abin da ya faru a garinmu

Wani maƙwabcina ƴaƴansa suka saya mishi tsohuwar Toyota Starlet. Ƙanensa ke tuƙawa, yana bin kasuwanni. Cikin wata huɗu suka sake tayar gaba ta dama har sau biyu. Duk sakewa sai an kai akuya kasuwa. Maigidan ya ce mai sayar da taya ne yake cutarsa. Direba ya ce hanya ce ba kyau. Har cacar baki ta shiga tsakanin wa da ƙane.

Ran nan da dare aka ɗauko wata mata da haihuwa ta zo ma da gardama. Suna kan gudaro sai tayar nan ta fashe. Motar ta sauka gefen hanya, ta kutsa cikin geza. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma sai da suka yi awa biyu a daji kafin wata mota ta tsaya ta ɗauki matar.

Da safe na ga tayar da idona. Ta gefen waje zanenta yana nan, kai ka ce jiya aka sa ta. Ta gefen ciki kuwa roba ta ƙare ƙaf, har waya ta fito. Kullum direba yana duba tayarsa kafin ya tashi, amma daga waje yake dubawa. Ciwon yana ɓoye ta wajen da ido ba ya kai.

Tsayuwar ƙafa iri uku ce

Ka tsaya a gaban mota, nesa kaɗan, ka tsuguna, ka dubi ƙafafun gaba. In ƙafa ta tsaya cak kamar bangon da magini ya auna, duk faɗin taya yana taka ƙasa. In samanta ya kwanta ciki, wajen inji, ƙasanta ya buɗe waje, wannan shi ne gwame. Nauyi ya koma gefen ciki na taya. In samanta ya fita waje, ƙasanta ya shige ciki, wannan ƙafar baka ce. Nauyi ya koma gefen waje. Wannan jinginar ƙafa Faransawa suna ce mata karosaji, masu Ingilishi kuma kamba. Za ku ji sunayen nan biyu a bakin makanikai.

Ana auna jinginar da digiri. Digiri 1 abu ne ƙanƙane ƙwarai, don digiri 360 ne suke zagaye da'ira. Ido ba ya ganin digiri 1 a ƙafar mota. In har idonka ya ga gwamen daga nesa, abin ya riga ya yi yawa.

Kada a ɗauka kowane gwame aibi ne. Masu ƙera ƙananan motoci na yanzu da gangan suke sa ɗan gwame kaɗan, galibi bai wuce digiri 1 ba a ƙafafun gaba. Ga dalili. In mota ta shiga kwana, jikinta yana kwantawa ta waje. Nauyi ya faɗa kan tayar waje, ta so ta birkice kan bakinta. Ɗan gwamen nan shi ke sa ta zauna sosai a lokacin, ta kama hanya. Motocin tsere ana sa musu gwame mai yawa, digiri 3 ko fiye, don su kwana ce sana'arsu, kuma taya ba ta kwana biyu a ƙafarsu. Mu kuwa hanyoyinmu dogaye ne, miƙaƙƙu. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kwana nawa ce? Motar da ke bin irin wannan hanya, tsayuwa kusa da cak ita ta fi mata. Gwame mai yawa yana rage faɗin robar da ke taka ƙasa, birki ma ba ya kamawa yadda ya kamata.

Ƙafar baka kuwa ku duba ta a gaban tarakta. Ƙafafunta na gaba samansu a waje yake, don sitiyari ya yi sauƙin juyawa cikin gona. Dattawa za su tuna motar Volkswagen da ake ce ma Kunkuru, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975. In ba kaya, ƙafafunta na baya baka suke yi. In an cika ta da mutane sai su koma gwame. Haka aka ƙera ta.

Taya tana faɗin ciwonta

Ba kowace cinyewa ce ta jingina ba. Kafin a kashe kuɗɗi wurin makaniki, sai a karanta tayar. A juya sitiyari har ƙarshe, don gefen ciki ya fito fili. A duba, a shafa da hannu.

In gefe biyu sun cinye, tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. In tsakiya ta cinye, gefe biyu na nan, iska ta yi yawa. Waɗannan mai faci ma yana maganinsu. Yawan iskar da ta dace an rubuta shi a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Ga ƙananan motoci wajen kilo 2 ne. Da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi.

In taya ta yi rami rami kewaye, wuri ya ci, wuri bai ci ba, amortisar ce ta mutu, ƙafa tana tsalle a kan hanya.

In gefe guda ne kawai ya cinye, kuma ya yi sumul, wannan jingina ce.

Amma akwai wani ciwo da ke kama da shi, har ya fi shi cin taya. Shi ne karkacewar bakin ƙafa. Ka ɗauka kana kallon mota daga sama. Ƙafafun gaba biyu ya kamata su fuskanci gaba tare, kamar shanun noma biyu a kan kunya ɗaya. In bakinsu ya buɗe, ko ya haɗe fiye da ƙima, taya tana tafiya tana jan gefe. Alamarsa: in ka shafa zanen taya daga ciki zuwa waje, ka dawo daga waje zuwa ciki, hanya ɗaya sumul, ɗayar kuwa da kaifi kamar haƙoran zarto. Gyaransa ne ake ce ma paralelism a garejinmu, a Najeriya kuma alaimen.

Bari mu yi lissafi. A ce bakin ƙafa ɗaya ya kauce da milimita 3 kawai. A janti mai faɗin santimita 35, wannan yana nufin taya tana jan gefe sama da mita 8 cikin kowane kilomita. Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne. Ke nan tafiya ɗaya, kamar an ɗaure tayar da igiya an ja ta a kaikaice a kan gudaro har kilomita 2. Wace roba za ta jure?

Awo da zare da noti

A manyan garuruwa akwai gareji masu na'urar awo. Ita ta fi daidai, kuma wanda ya samu hali ya je can. Amma mutumin ƙauye ma yana iya gane ko ƙafar motarsa ta jingina, da kaya masu araha: zare, tsohon noti mai nauyi, da abin awo na ɗan makaranta mai milimita. Dabarar magina ce, wadda suke gane bango ya tsaya ko bai tsaya ba.

Da farko a nemi wuri shimfiɗaɗɗe, daɓen siminti in da hali. Wannan shi ne babban sharaɗi. In ƙasa ta karkace, awo ƙarya zai faɗa. A sauke kaya duka. A daidaita iskar tayoyi. A miƙe sitiyari, a tura motar gaba taku biyar ko shida don ƙafafu su zauna.

Sai a ɗaura noti a bakin zare, a rataya zaren a jikin sanda ko a saman mota, ya sauko ta wajen ƙafa, ya ratsa daidai tsakiyarta. Kada ya taɓa taya, kada notin ya taɓa ƙasa. A jira ya daina lilo. In ana iska a bari sai ta kwanta, ko a sa notin cikin gwangwanin ruwa.

Yanzu a auna wuri biyu. Daga zare zuwa bakin janti na sama, wato ƙarfen da taya take zaune a kansa. Daga zare zuwa bakin janti na ƙasa. Ƙarfe ake aunawa, ba roba ba, don roba tana kumbura ta ƙasa. A rubuta lambobin biyu.

In na sama ya fi yawa, gwame ne. In na ƙasa ya fi yawa, baka ce. A ƙaramar mota mai janti lamba 13, bambancin milimita 6 shi ne digiri 1. A janti lamba 14, wajen milimita 7. Lambar janti tana jikin taya, bayan harafin R. Milimita 6 ɗin nan bai kai kaurin fensir ba.

Jantin motocinmu da yawa sun sha rami, sun lanƙwashe. Don haka a tura motar kaɗan, har abin da ke sama ya koma ƙasa, a sāke awo. In lambobin sun bambanta, a haɗa su a raba biyu. Wanda bai yarda da daɓensa ba, ya juya motar, gaba ta koma baya a wuri guda, ya ƙara aunawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gwada dama da hagu. Kada bambancinsu ya wuce rabin digiri, wato milimita 3. Ƙafa tana tura mota ta wajen da samanta ya kwanta. In dama da hagu sun yi daidai, turawarsu tana kashe juna. In ɗaya ta fi, motar sai ta riƙa ja gefe, direba yana kokawa da sitiyari duk yini.

Mun yi wannan awo a motar maƙwabcina. Hagu: sama 53, ƙasa 50. Gwame na milimita 3, lafiya lau. Dama: sama 64, ƙasa 50. Gwame na milimita 14, sama da digiri 2. Nan direba ya buɗe baki ya ce lalle motar ta daɗe tana ja hagu, shi ya ɗauka halinta ne. Hagu kuwa, a ƙasarmu da ake bin hannun dama, nan ne manyan motoci suke tahowa.

Me ke kawo shi?

Ƙafa ba ta jingina haka kawai. Ko wani ƙarfe ya lanƙwashe, ko wani ya cinye, ko kaya ya danne.

Rami ne na farko. Motar maƙwabcina ta taɓa faɗawa wani rami da damina, ruwa ya rufe shi. Tun ranar sandar amortisar ta dama ta lanƙwashe kaɗan, ba wanda ya sani.

Na biyu cinyewa: rotil, da rulma, da robobin hannun ƙafa. Gane su ba wuya. A ɗaga ƙafa da jak, a kama ta sama da ƙasa, a girgiza. In tana motsi tana ƙwas ƙwas, akwai abin da ya saki. Irin wannan ƙafa ba a daidaita ta sai an sake abin da ya cinye, don yau ka daidaita, gobe ta koma. Masu Peugeot 205 da 206 su lura da ƙafafun baya. A motocin nan hannun ƙafar baya yana juyawa ne a kan rulma cikin wani bututu. In ruwa da ƙura sun shiga, rulma ta ci, sai saman ƙafa ya kwanta ciki, har taya ta riƙa gogar jikin mota.

Na uku lodi, kuma a nan laifin namu ne, mu fasinjoji. An ƙera ƙaramar mota don mutum biyar da ɗan kayansu. Ranar kasuwa sai ka ga mutum takwas, da buhun hatsi uku, da tumaki a baya, kowa yana cewa nasa kayan ba nauyi. Ƙarfen da ke ɗauke da mota yana gajiya, motar ta zauna, ƙafafu su buɗe. In ana yi kullum, ko an sauke kayan ba ta komawa yadda take.

Yadda ake gyara

Wannan aikin makaniki ne. Amma mai mota ya san abin da ake yi, ya tsaya ya gani.

Motoci irin su Starlet da Corolla, ƙasan sandar amortisar a ɗaure yake da mazaunin ƙafa da manyan bulon biyu, ɗaya bisa ɗaya. In an sassauta su, akwai ɗan wasa kaɗan. Makaniki ya tura saman ƙafa ciki ko ya jawo shi waje, ya ɗaure, ya sauke mota, ya auna. In wasan bai isa ba, akwai bulon na musamman mai ɗan doro a jikinsa. Ana sa shi a ramin sama. In an juya shi, doron ya tura ƙafa. Yana gyara wajen digiri 1 ko sama kaɗan. Abin da ya wuce haka, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, a neme shi.

Waɗansu motoci kuma ba su da wurin daidaitawa sam. Peugeot 205 da 206 suna cikinsu. In awo ya nuna jingina, sai dai a sake abin da ya lalace. Wanda ya ce zai daidaita maka ita da sukudireba, kuɗɗinka yake so.

Akwai abu uku da ban yarda a yi ba, ko da sun fi araha. Kada a gasa hannun ƙafa ko sandar amortisar da wuta a buga da guduma don a miƙe su. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, wata rana zai karye ana cikin gudu. Kada a sa siririn bulon na kasuwa a madadin na ainihi. Bulon biyun nan su ke riƙe da ƙafa. Kuma kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da kututture.

Bayan an taɓa jingina, tilas a daidaita bakin ƙafa, don taɓa ɗaya yana motsa ɗayan. Mutane da yawa nan suke asara: a gyara gwame, a manta da baki, sabuwar taya ta ƙare cikin wata guda. Tsarin shi ne: a sake abin da ya cinye, a daidaita jingina, a daidaita baki, sa'an nan a sa sabuwar taya.

Maƙwabcina ya kai motarsa Maraɗi. Aka sake sandar amortisar, aka daidaita baki. Da ta dawo muka sāke rataya zare: dama, sama 54, ƙasa 50. Kuɗɗin aikin bai kai na taya biyun da ya riga ya saya ba.

Waɗansu direbobi suna juya taya a kan janti, gefen da ya ci ya koma waje. Yana ƙara mata kwana, in ba a bari ta yi nisa ba. Sai dai wata taya tana da kibiya a jikinta, wadda ke nuna wajen da za ta riƙa juyawa, a kiyaye ta. Tayar da waya ta fito kuwa ta gama aiki a mota. Cikin ramukan zanen taya akwai ɗan tudu da aka sa don alama, tsawonsa milimita 1.6, bai kai kaurin tsinken ashana ba. In zane ya cinye ya yi daidai da tudun, ko a gefe guda ne, a cire ta, balle a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da gudaro ke ƙona ƙafa. Mai sayen tayar hannu kuma ya nemi lamba huɗu a gefenta. Tun shekarar 2000 haka ake rubuta ranar ƙira: 2319 yana nufin mako na 23, shekarar 2019. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali ta tsufa, robarta ta bushe ta tsattsage.

Amalanke ma a duba shi

Amalanken jaki ko na shanu sandar ƙarfe guda ce ke haɗa ƙafafunsa biyu. Ba shi da wurin daidaitawa. In an saba yi mishi lodin tubali ko duro biyu na ruwa a hanya mai gargada, sandar tana lanƙwasawa ta tsakiya, ƙafafu su yi gwame. Taya ta ci ta ciki, rulma ta yi zafi ta sha mai, dabba kuma ta ƙara wahalar ja, don ƙafafun ba sa gudu sumul. Wani ya yi ta dukan jaki yana cewa ya yi ƙyuya, alhali laifin yana ƙarƙashin amalanke.

Zare da notin nan su ne awonsa. A sauke kaya, a tokare amalanke ya tsaya daidai, a auna sama da ƙasa, dama da hagu. A girgiza kowace ƙafa a ji ko rulma ta saki. In notin tsakiya ne ya sassauta, a ɗaure shi, a sa mai. In sanda ce ta lanƙwashe, mai walda yana iya miƙe ta, ya ƙara mata ƙarfe ta ƙasa. A amalanke wannan ba laifi, tun da tafiyar jaki yake yi, ba gudun mota ba. A yi aikin kafin kaka, tun ba a fara jigilar damman hatsi daga gona ba.